Ido Ba Mudu Ba: Hukuncin Mai Kallo a Kan Gasar Girki ta Talabijin a Ƙasar Kazaure da Babura

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi martanin masu kallo a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa idan suka ci karo da gasar girki ta ƙwararrun masu dafa abinci a talabijin. Abin da take neman tabbatarwa shi ne cewa ƙorafin da suke yi ya tsaya ne a kan ma'aunin wata sana'a da suka daɗe da sani, kuma gasar ce da kanta ta buɗe ƙofar ƙorafin, tun da ta ɓoye wa mai kallo shaidar da ake yanke hukunci da ita.

Gabatarwa

Gasar girki a talabijin ta daɗe a kasuwar duniya. Tashar BBC ta fara MasterChef a Ingila a 1990. A 1993 tashar Fuji ta Japan ta fito da Iron Chef, inda ake ba ƙwararru biyu awa ɗaya su sarrafa wani kayan abinci da aka zaɓa. Amurka ta biyo baya da Hell's Kitchen a 2005 da Top Chef a 2006, sannan a 2008 BBC ta ware wa masu cin abinci da sana'ar tasu gasar mai suna MasterChef: The Professionals. Tun 2016 tashar MBC ke nuna Top Chef na Larabawa. A Nijeriya kamfanin Unilever ya ɗauki nauyin Knorr Taste Quest, a Arewa kuwa shirin girkin da ya fi shiga gidaje shi ne Akushi Da Rufi na tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ko da yake shi na koyarwa ne, babu kora babu kyauta.

Waɗannan shirye-shirye suna isa arewa maso yammacin Jigawa ta hanyoyi sanannu: farantin tauraron ɗan'adam da ke kamo tashoshin Larabawa kyauta, da akwatin StarTimes ko GOtv a gidan da ake iya biyan kuɗin wata, da kuma guntayen bidiyo da ake turawa daga waya zuwa waya, wanda shi ne ya fi yawa a inda wutar KEDCO ba ta zama. Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura, tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Husaini Adamu, Babura kuma ta samu Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021 tana kallon iyakar Nijar, don haka masu kallon sun haɗa ɗalibi da ma'aikaci da manomi da matar aure. Abu ɗaya da ya kamata a riƙe tun daga nan shi ne, da yawansu ba sa bin Turancin alƙalan ko Larabcinsu kalma da kalma. Abin da ke hannunsu shi ne hoto: wuƙa, wuta, agogo, faranti, da fuskar alƙali lokacin da ya kai loma.

Shaidar da ba ta fitowa a allo

Bahaushe ba baƙon gasa ba ne, kuma ba ya ƙin alƙali. A dambe, wanda asalinsa ma wasan mahauta ne, ana yin turmi uku, kuma duk wanda ke bakin fage yana ganin lokacin da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa. A kokawa haka. Misalin da ya fi kusa da abin da ake magana a kai shi ne musabaƙar Alƙur'ani, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a matakin ƙasa a 1986. A nan ma alƙalai ne ke zaune a tebur suna ba da maki, kuma akwai ɓangaren hukuncin da ya danganci jin daɗin sauti. Amma idan aka buga ƙararrawa saboda mai karatu ya yi tuntuɓe, alarammomin da ke cikin taro sun riga sun ji tuntuɓen da kunnensu, wasu ma da mus'hafi a buɗe a gabansu. Alƙali da mai sauraro suna da shaida ɗaya da ƙa'ida ɗaya. Shi ya sa ko an yi gardama a kan sakamako, gardama ce da ake iya warwarewa da hujja.

Gasar girki ta talabijin ta sha bamban da duk waɗannan ta fuska guda mai nauyi. Abin da ake gasa a kansa ɗanɗano ne da ƙamshi da laushi a baki, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke ratsa gilashin talabijin. Mutum uku ko huɗu ne kawai suka ɗanɗana, sauran miliyoyin an ce su yarda. Domin cike wannan giɓi masu shirin kan ƙara wa ido abin kallo: agogo mai gudu, kiɗa mai tayar da hankali, gumi, hawaye, dogon shiru kafin a faɗi wanda aka kora. Kuma abin da aka nuna cikin awa ɗaya an tace shi ne daga ɗaukar da ta ci yini, har masu irin waɗannan shirye-shirye sun sha bayyana cewa abincin kan huce kafin a gama ɗaukar hotonsa a zo ga ɗanɗanawa. Saboda haka idan mai kallo a Roni ya ce "an yi son kai", yana faɗin abin da tsarin shirin ya bar masa ne. An kira shi shaida a shari'ar da ba a nuna masa hujjarta ba.

Abin da ya faru a Legas a watan Mayun 2023 ya ƙara fito da wannan. Hilda Baci ta tsaya girki na kwanaki domin kafa tarihi, kuma 'yan Nijeriya daga kowane sashe suka bi lamarin da zumuɗin da ba a taɓa ganin wata gasar girki ta samu a ƙasar ba. Ta yi niyyar awa 100, hukumar Guinness ta tabbatar mata da awa 93 da minti 11 bayan ta zabtare kusan awa bakwai saboda ta zarce lokacin hutu a wani zango. An yi gunaguni, amma bai daɗe ba, domin ma'aunin agogo ne kuma an bayyana dalilin ragin. Haka nan abincin da ta dafa an raba wa jama'ar da suka taru. Babu wanda zai ce tsayuwar awa 93 ta fi haɗa miya mai daɗi wuya a fagen gwaninta, amma ita ce mai kallo ke iya aunawa da kansa, kuma ita ya ba zuciyarsa.

Ma'aunin da mai kallo ya zo da shi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka cewa ƙwararren mai girki sabon abu ne a wannan yanki, sai wanda ya sa farar hula mai tsawo a otal. Kowace kasuwa daga Kazaure zuwa Gwiwa cike take da mutanen da girki ne abincinsu. Akwai mai tsire a bakin tukuba, da mai balangu, da mai kilishi, waɗanda suka gaji sana'ar ko suka yi shekaru suna yaron gida kafin a bar su su riƙe wuƙa, kuma suna da shugabanci a ƙarƙashin Sarkin Fawa. Akwai mai waina da tandarta tun asuba, da mai ƙosai, da mai ɗanwake, da mai tuwo-tuwo a tasha, da mai shayi, da Bafillatana mai fura da nono. Akwai matan da ake ɗauka girkin biki da suna, waɗanda ke iya duban yawan gayya su faɗi kwano nawa na shinkafa za a auna ba tare da sun taɓa alƙalami ba. Polly Hill, a nazarinta na Batagarawa da ya fito a 1972, ta nuna irin girman cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida, wanda dafaffen abinci ke kan gaba a cikinsa, yara na kai talla. Waɗannan duka ƙwararru ne da cikakkiyar ma'anar kalmar, kuma alƙalinsu ba ya zama a tebur. Mai saye ne, hukuncinsa kuwa shi ne ya dawo gobe ko ya wuce rumfa ta gaba. Mai kallon da ke zaune gaban talabijin ya shekara yana wannan alƙalanci da kuɗin aljihunsa.

Da wannan ido yake kallon farantin gasa, kuma abin da ya fara cewa kusan kullum ɗaya ne: "Wannan ɗan abin wa zai ƙosar?" Ana yawan ɗaukar maganar a matsayin abin dariya, alhali tana ɗauke da ƙa'idar sana'a. A wajen mai sayar da abinci da mai girkin biki, auki ginshiƙi ne na gwaninta. Wadda ta iya ita ce wadda za a ba tiya biyar ta ciyar da mutanen da wata sai da bakwai, kuma daɗin bai ragu ba. Farantin gasa kuwa an gina shi ne a kan tsarin gidajen cin abinci masu tsada na Turai, inda ake kawo kala shida ko goma a jere, kowane loma biyu ko uku. Talabijin na nuna kala ɗaya daga cikin jerin, ta bar mai kallo ya zaci shi ne abincin gaba ɗaya. Laifin rashin fahimtar, idan akwai shi, na wanda ya yanke bayanin ne.

Na biyu shi ne agogo, kuma a nan ne saɓanin ya fi zurfi. Gasa na ɗaukar sauri a matsayin alamar ƙwarewa, tana ba da minti 20 ko 30 ko awa ɗaya. Manyan abincin wannan ƙasa kuwa lokaci ne rabin kayan haɗinsu. Tuwon gero ko na dawa sai an yi talge, an bar ruɗen ya nuna, an tuƙa da muciya har gudaji ya mutu, an rufe ya sulala, kafin a kwashe da mara. Wanda ya gaggauta zai ci tuwo mai ɗanyen gari, kuma cikinsa zai ba shi labari. Kilishi sai an feɗe naman siriri, an shanya, an tsoma a labu, an sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta, aikin da ke cin yini guda ko fiye gwargwadon rana. Daddawar da ke riƙe miyar kuka ta kwana da kwanaki tun daga dahuwar kalwa har ta ruɓa yadda ake so. Fura sai an surfa, an daka, an dunƙula, an dafa, an kirɓa. Mutumin da ya tashi cikin wannan ya san cewa gaggawa ita ce alamar wadda ba ta iya ba. Idan ya ga babban mai girki yana gudu da tukunya yana zubar da miya saboda saura minti biyu, abin da yake gani rashin natsuwa ne, kuma a ma'auninsa maki ya riga ya zube. Ba wai sana'ar gida ba ta san matsin lokaci ba. Mai waina ta san dole ta gama kafin 'yan makaranta su wuce, mai girkin biki ta san ƙarfe nawa za a ɗaura aure. Bambancin shi ne ita takan tashi da wuri, domin shirya lokaci yana cikin gwanintar, gasa kuwa ta ƙwace wannan daga hannun mai girki ta mayar da shi abin wasa.

Na uku nama ne. Alƙali a Landan ko Beirut na yaba tsokar da aka yanka aka tarar da cikinta ja, mai kallo a Babura ya kawar da kai ya ce bai dahu ba, da jini. A kimiyyance jan ruwan nan yawancinsa ba jini ba ne, wani sinadari ne na tsoka da ke ba ta launi, kuma wannan gyara ne da ya dace a yi wa mai kallo. Amma ƙyamar tasa tana da tushe biyu da ba a raina su: haramcin jini a addini, da kuma darasin ƙasa mai zafi inda nama ke yini a kan tebur babu firji, inda gasawa sosai ita ce kariyar mai ci. Mai tsiren da ya sayar da nama mai ja a ciki ba zai kai mako a tukubarsa ba. A kan naman alade da giyar da ake zubawa a miya a gasannin Turai ba sai an tsaya ba, su ne dalilin da ya sa gidaje da yawa suka fi sakin jiki da na Larabawa.

Na huɗu, wanda ya fi taɓa zuciya, shi ne yadda ake mu'amala da abincin da kuma mai dafa shi. Gordon Ramsay ya yi suna a Hell's Kitchen da tsawa da zagi da watsar da faranti a kwandon shara. A Amurka wannan ne ke sayar da shirin. A nan kuwa yaro na tasowa ne da sanin cewa ba a tsallake abinci, ba a zubar da shi, ƙanzon tukunya ma ana jiƙa shi, ragowar tuwo ta zama ɗumame da safe ko ta tafi ga almajiri. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta hana almubazzaranci a ci da sha, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Sana'ar alƙalin gasa kuwa kushe abinci ce a bainar jama'a. Ga kuma halin rayuwa. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ya fito a 2020 ya sa Jigawa cikin jihohi uku da talauci ya fi yawa, da kusan kashi 87 cikin 100, kuma bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Magidancin da ya auno gero da ƙyar ba zai kalli kaza sukutum a kwandon shara ya ji nishaɗi ba. Game da mutunci kuwa, ko maigida da ya tarar gishiri ya zarce a ranar girkin matarsa, in mai hankali ne, ba a gaban kishiya zai faɗa ba. Tozarta magidanci a gaban duniya saboda miya abu ne da mai kallo ke ɗora wa alƙali laifinsa, ko da kuwa miyar ta lalace da gaske.

Batun ganin maza a murhu bai kai yadda ake zato ba. Nama da shayi da burodi sana'ar maza ce tun da daɗewa, kuma kuku ya daɗe a gidajen Turawa da na manyan ma'aikata. Abin da ake ɗaga gira a kai shi ne namiji mai tuƙa tuwo da kaɗa miya don sayarwa, saboda alaƙar da aka yi wa wannan da 'yan daudu, kamar yadda Rudolf Gaudio ya bayyana a littafinsa na 2009. Baƙon da ke girki a allo ba ya shiga wannan lissafi.

Idan alƙali bai san abincin ba

Za a iya cewa duk da haka alƙali ƙwararre ne, ya fi mai kallo sani. Abin da ya faru a MasterChef na Ingila a 2018 ya isa amsa. Wata 'yar asalin Malesiya, Zaleha Kadir Olpin, ta dafa rendang na kaza, aka kore ta, kuma cikin dalilan da alƙali Gregg Wallace ya bayar har da cewa fatar kazar ba ta yi ƙaras-ƙaras ba. Rendang kuwa nama ne da ake dafawa a hankali cikin madarar kwakwa da kayan ƙamshi har ya yi laushi, babu inda soyuwar fata ta shigo. Masu kallo a Malesiya da Indonesiya da Singafo suka yi ca. Firaministan Malesiya na lokacin Najib Razak da abokin hamayyarsa Mahathir Mohamad, da ke gab da karawa a zaɓe, suka samu abin da suka yarda a kai, har jakadiyar Birtaniya a ƙasar ta goyi bayan mai girkin. A wannan karon miliyoyin da ba su ɗanɗana ba su ne ke da gaskiya, domin sun san abin da abincin ya kamata ya zama, alƙalin da ya ɗanɗana kuwa ya auna shi da mudun wani abinci daban. Ba wuya a hango abin da irin wannan alƙali zai ce a kan yauƙin miyar kuɓewa ko warin daddawa, abubuwan da a wajen mai su su ne shaidar an iya.

Suka da amsa

Suka ta farko ita ce, wannan duk nishaɗi ne, kuma ɗora masa nazari ɓata lokaci ne. Amma nishaɗi shi ne inda mutane suka fi sakin baki su faɗi ƙa'idojin da suke rayuwa a kai. Brian Larkin ya nuna haka a 1997 game da finafinan Indiya a Kano, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan yadda Hausawa ke karɓar hajar waje su sarrafa ta. Ƙari a kan haka, gasar girki ba ta tsaya ga nishaɗi ba, tana koyar da wane ne gwani. Yarinyar da ke kallo tana koyon ko sana'ar kakarta mai waina tana cikin abin da duniya ke kira ƙwarewa ko ba ta ciki.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: ai masu kallo a ko'ina suna ƙorafi, to mene ne na Bahaushe a ciki? Gaskiya ne. A 2014 BBC ta karɓi ƙorafi sama da 800 a kan wani zango na The Great British Bake Off, bayan an nuna kamar wata dattijuwa ta fitar da haɗin abokin gasarta daga firji ya narke, shi kuma ya fusata ya zubar da shi aka kore shi. Daga baya masu shirin suka ce haɗin bai kai minti ɗaya a waje ba, aka koma zargin masu tace hoto. Wannan bai rushe hujjar maƙalar ba, ƙarfafa rabinta ya yi: tun da ƙorafin ya game duniya, aibin yana cikin ginin gasar ne. Sauran rabin kuwa yana cikin abin da ake ƙorafi a kai. Stuart Hall ya bayyana tun 1973 cewa mai kallo na iya karɓar saƙo yadda aka nufa, ko ya karɓi wani ɓangare ya gyara wani, ko ya juya shi gaba ɗaya. Tamar Liebes da Elihu Katz, a nazarinsu na 1990 a kan shirin Dallas, sun tarar al'ummomi daban-daban na kallon zango ɗaya su fito da ma'anoni daban. Baturen Ingila ya fusata ne saboda yana ganin an yi wa ɗan gasa rashin adalci. Mutumin Gwiwa da zai ga wannan hoton, abin da zai fara tsaya masa a rai shi ne abincin da aka zuba a shara.

Suka ta uku ita ce wadda ya kamata a saurara da kyau, domin akwai gaskiya a cikinta. Ana iya cewa maƙalar ta ƙawata sana'ar gida fiye da kima. Tsiren da ake naɗewa a tsohuwar jarida, man da ake soya ƙosai da shi har ya yi baƙi, ƙudan da ke bin naman da aka shanya, rashin awo da ke sa girkin yau ya saɓa da na jiya, duk ba abin alfahari ba ne. Kuma waɗannan shirye-shirye sun amfani mutane. 'Yan mata da yawa a Kano da garuruwan da ke kewaye da ita sun mayar da girki sana'a mai tsari, suna karɓar odar biki, suna koyar da wasu, kuma sun ɗauki tsaftar wurin aiki da iya jera faranti da riƙon wuƙa daga abin da suke gani a allo. Duk wannan haka yake. Sai dai a lura da abin da aka ɗauka da abin da aka bari. Tsafta da tsari da ado abubuwa ne da ido ke tabbatarwa, kuma mai kallo ya karɓe su ba gardama. Abin da ya ƙi shi ne hukuncin ɗanɗano da ba shi da hanyar bincikawa, da kuma ɗabi'un da suka ci karo da tarbiyyarsa. Mai wannan zaɓe ba za a kira shi mai ƙin ci gaba ba. Zancen rashin awo ma ba dawwamamme ba ne: a 'yan shekarun nan Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista a ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta Afirka, OAPI, wanda ke nufin an zauna an rubuta sharuɗɗan da kaya zai cika kafin ya ɗauki sunan. Abin da mahauta ke riƙe da shi a ka yana rubutuwa.

Abin da wannan ke nufi ga mai shirya gasa

Idan wata tasha a Kano ko Dutse ta yi niyyar shirya gasar ƙwararru domin waɗannan masu kallo, ƙorafinsu ya riga ya zana mata taswira. Masu gasar su fito daga sana'o'in da ake da su, mai tsire ya kara da mai tsire, mai waina da mai waina. A ba kowa kuɗi daidai a gaban kyamara ya shiga kasuwa ya yi cefane, domin iya saye rabin sana'ar ne. A faɗi ma'aunin tun farko da Hausa, a sa auki a ciki, a ƙirga kwano nawa kowa ya fitar. A ba abinci lokacin da yake bukata. A teburin alƙalai a samu irin su Sarkin Fawa da dattijuwar da ta shekara talatin tana girkin biki, sannan a zuba wa jama'a su ci ba tare da sun san na wane ne ba. Kwanon da aka suɗe da wanda aka bari shaida ce da kyamara ke iya ɗauka, kuma ita ce mafi kusa da ɗanɗano da mai kallo zai taɓa samu.

Matsaloli biyu za su rage, kuma ba ƙanana ba ne. Ta farko, gwanayen da suka fi kowa yawancinsu matan aure ne a cikin gida, waɗanda su ko mazajensu ba za su yarda da fitowa a allo ba. Ana iya rage wannan da ɗaukar hannu da tukunya kawai, ko a kai gasar cikin gida da ma'aikata mata. Ta biyu ita ce kuɗi. Masu ɗaukar nauyin shirin girki a Nijeriya galibi kamfanonin dunƙulen ɗanɗano ne, Nestlé mai Maggi da Unilever mai Knorr da Promasidor mai Onga, kuma ba don Allah suke biya ba, so suke a ga kayansu na shiga kowace tukunya. Gasar da aka ce za ta auna gwanintar miyar kuka, amma sharaɗinta kowa ya marmasa dunƙulen kamfani ɗaya a gaban kyamara, ta riga ta ture mai daddawar Roni gefe tun kafin a hura wuta, kuma matan da ke kallo za su gane haka a zangon farko.